Fasfona a Hazna, Mukullin a Bayan Gajimare

Shekarun baya, lokacin haƙorana na gaba suna nan cif, kuma in na ɗora tabarau nakan ga kamar da saurana, ina aikin direban gida a Riyad. Ku yi haƙuri da rubutun, bokona bai wuce aji uku ba, shi ma rabinsa a bakin rafi na yi shi.

Kafilina, wato maigidan da ya ɗauko ni aiki, wani Balarabe ne da na girme shi nesa ba kusa ba, amma ni ke ce masa "ɗal umrak", wato ranka ya daɗe, shi kuma ya ce mini "ya Hajji". Aikina kai yara madrasa, kai Madam kasuwa, ɗauko gas, ɗauko burodi. Mutumin ba mugu ba ne. Na faɗi wannan tun da wuri don kada in gama labari ku ce tsoho ya zo yi wa bawan Allah ƙazafi. Bai taɓa zagina ba. Abin da aka ci a gidan shi ake zubo mini.

Masu hali a can kowa da abin da ke cin ransa. Wani raƙuma, wani tsuntsayen farauta. Nawa kafilin, jirgin sama ne. Wani ɗan ƙaramin jirgi fari mai farfela ɗaya a hanci da kujera huɗu, cikinsa bai kai motar da nake kai yara makaranta faɗi ba. Yana ajiye shi a filin ƙananan jirage da ke bayan gari ta arewa, cikin sahara. Duk ƙarshen mako ni ke kai maigidan can. Sannu a hankali aikin jirgin ya zama nawa: in yaye masa mayafi, in goge gilashi, in kwance igiyoyin da ake ɗaure fukafukansa da su saboda iska, in zare weji daga ƙarƙashin taya. In ya dawo in mayar da komai.

Wata rana shaiɗan ya raya mini na ɗauki abin kunnen nan da matuƙa ke sawa, na jingina da fiffike, na harɗe hannu aka ɗauke ni hoto. Na tura gida Funtuwa. Ni da wasa na yi, amma kafin mako ya zagayo rabin unguwarmu sun yarda Alhaji ya bar mota ya koma jirgi. Matata ta san ƙarya ce, shekara talatin da wani abu tana sauraron irinta, amma ba ta tona ni ba. Sai dai daga ranar ta daina ce mini Alhaji in mun kaɗaita a waya. Na koma Kyaftin. Ni kuma dama tsohuwa nake ce mata.

Jirgin nan yana da wani hali da sai na bayyana muku shi, don a kansa komai ya rataya. Wata safiya mun yi doguwar tafiyar nan har fili, na yaye mayafi, na kwance igiya, sai kafilina ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dubi wayarsa, ya ce in mayar da komai mu koma gida. Gajimare ne ɗan kaɗan ya taru, ko yayyafi babu.

Na ce, "Ɗal umrak, ga manyan jirage can suna ta wucewa."

Ya ce, "Waɗancan da na'ura suke tafiya, ya Hajji, ko ba su ga komai ba za su isa. Ni lasisina na ido ne. Sai ina ganin ƙasa, ina ganin nesa a gabana. Ba na shiga gajimare, kuma kafin rana ta faɗi dole ina ƙasa."

Na ce, "Ashe jirgin namu ɗan'uwan kaza ne. Magariba ta yi, sai akurki."

Ya yi dariya har da buga cinya. Ya riƙa ba abokansa labarin. Ni ma na kai shi kasuwar Baɗaha ranar Juma'a, inda muke haɗuwa da 'yan gida mu sha shayi mu yi gulmar kafilai, aka yi ta dariya. A lokacin abin dariya ne.

Da sanyi ya shigo wata shekara, shi da abokansa masu irin jirginsa suka shirya ƙetare iyaka zuwa ƙasar Imarat, wani ƙaramin fili a bakin teku. Ashe fita ƙasa da ƙaramin jirgi ba kamar tashi ka zaga sahara ka dawo ba ne. Sai ka nemi izinin kowace ƙasa, kuma izinin da ranakunsa, in sun wuce ya mutu. Ba ka tashi daga filinmu kai tsaye, sai ka sauka babban filin garin Dammam an buga maka fasfo, haka ma in za ka dawo. Makonni ya yi yana wannan shiri, yana murna kamar yaron da aka yi wa ɗinkin salla. Ranar tafiya na loda masa jaka, na zare weji, ya ɗago mini hannu ta taga. Ya ce kwana kaɗan zai yi.

Mukullansa duka a zobe ɗaya suke: na jirgi, na ofis, da na hazna, wato akwatin ƙarfen da ke ɗakinsa. A cikin haznar nan fasfona yake kwana tun ranar da na sauka ƙasar. Ana cewa doka ta hana kafili riƙe fasfon ma'aikaci, amma duk direban da na sani haka nasa yake, ni kuma ban taɓa damuwa ba. Iƙamata, wato katin izinin zama, na aljihuna. Me zan yi da fasfo tsakanin madrasa da kasuwa?

Ana gobe zai dawo, babbar 'yata ta kira ni. Ta ce kwana biyu ƙafafun mahaifiyarsu sun kumbura, sun ɓoye mini don kada hankalina ya tashi, yanzu an ba ta gado a asibiti. Ƙoda ce. Sannan ta ce likita ya ja kawunsu gefe ya ce in akwai na nesa a sanar da shi.

Na nesa ni ne.

Nan take na kira kafilina. Wallahi bai ɓata lokaci ba. Muna kan waya ya yi mini bizar fita da dawowa, ya ce ofishinsa za su nema mini kujera ta Jidda zuwa Kano. Na yi ta godiya. Sai na ce, "Fasfo fa, ɗal umrak?"

Na ji ƙarar mukullai, ina jin aljihunsa ya taɓa.

"Gobe ina tafe, ya Hajji. Kafin azahar fasfonka na hannunka."

Washegari tun da hantsi ina fili da jakata a bayan mota. Saman Riyad garau, kamar an wanke faranti. Azahar ta yi, ba jirgi. Sai ga wayarsa. Ya ce can bakin teku wani abu ya sauka da suke kira dabab, gajimare ne ke saukowa ya kwanta a ƙasa, har ba ka ganin jirgin da ke kusa da naka. Bai yaye da wuri ba, in ya tashi yanzu rana za ta faɗi yana hanya. Amma gobe, ya duba, gobe lafiya lau.

Gobe ta zo da ruwan sama. Wadda ta bi ta ta zo da dabab. Kullum in tafi fili in zauna a inuwar rumfar jirage ina kallon gabas, kullum la'asar in koma in ɗauko yara daga darasi. Ni da nake yi wa jirgi dariya, na koma na fi mai shi sanin labarin sama. Har na koyi duba hoton gajimare a waya, ni da ko taswirar Kano aka ba ni sai na riƙe ta a juye.

Da abin ya ishe ni na yi ƙarfin hali. Na ce, "Ɗal umrak, manyan jirage suna tashi daga can kullum. Ka hawo ɗaya mana, in sama ta buɗe ka koma ka ɗauko naka."

Ya ce, "In bar jirgina a ƙasar mutane? Sannan in sake neman izini, in sake komawa? Ya Hajji, kwana ɗaya ne ya rage. Na duba."

Daga baya na ji ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa ya gaji, ya bar nasa jirgin can ya biyo babba ya dawo Riyad. Na sake kira. Na ce da ka ba shi mukullin ya kawo wa Madam.

"Hazna ce, ya Hajji. Akwai abubuwan iyali a ciki. Ba a ba kowa."

Sai na tuna cewa 'ya'yansa huɗu nake ɗauka kullum a kan titin da motoci ke gudu kamar an koro su, bai taɓa cewa ba a ba kowa ba.

Akwai abokina da ke zaune a unguwar Shumaisi, ɗan garinmu ne, ya fi ni daɗewa a ƙasar, kuma bakinsa ba linzami. Na same shi a ɗakinsa na zayyana masa. Ya ajiye kofin shayi.

"Kai wane irin sakarai ne? Akwai masu gyaran mukulli a Baɗaha, kafin ka gama alwala sun buɗe ta."

"In shiga ɗakin Balarabe da mai fasa hazna, maigida ba ya gari? Ni da wannan baƙar fuskar?"

"Ba kai za ka shiga ba. Madam za ta tsaya a kai."

"In ta ƙi fa?"

"In ta ƙi ka faɗi ƙasa ka yi ta birgima. Shekara nawa kana yi wa mutane wasan kwaikwayo kyauta, yau da ake bukata ka zama mai kunya?"

Na je na sami Madam, na tsaya daga bakin ƙofar kicin kamar kullum. Ta saurare ni, har ta share ido da gefen mayafi. Ta ce miskina, Allah ya ba ta lafiya. Amma hazna ba ta taɓa ta sai maigida ya ce. Ta kira shi a gabana. Ina jin muryarsa ƙasa-ƙasa yana cewa a fasa hazna saboda kwana ɗaya? Bukra, in sha Allah. Gobe.

Ban yi birgimar ba. Na ce shukran, na je na wanke mota.

Ranar Juma'a sama ta buɗe a can, tas, ba ko ɗigon gajimare. Kafilina da bakinsa ya faɗa mini. Sai dai izininsa na ƙetare iyaka ya mutu tun jiya, masu sabunta shi kuma suna hutun ƙarshen mako. Ya yi ta faɗa a waya, yana zagin takardu, kamar ni ne zan ba shi haƙuri. Kuma na ba shi. Bakin bara ya saba.

A ranar ce na samu aka kara wa matata waya a kunne. Muryarta ta yi siriri, amma ita ce.

"Kyaftin."

"Tsohuwa. An ce kin samu gado mai laushi kin miƙe, kin bar mutane da aiki."

"Ina jirgin naka? Matan unguwa sun zo dubiya, kowace cewa take ai mijinta yau zai sauka a bayan asibiti."

"Jirgin ya maƙale. Gajimare ya tare shi."

"Gajimare." Ta fara dariya, tari ya karɓe. Na jira. "Duk ƙaryar da ka yi mini a duniya, wannan ta fi rashin gishiri."

"Wallahi wannan karon gaskiya ce."

"Na sani. In kana ƙarya muryarka ta fi haka daɗi." Ta numfasa. "Ka zo ko a jaki ne, Alhaji. Akwai maganar da ba zan ba yara ba."

"Faɗa mini yanzu mana."

"A waya? Ɗakin nan cike da kunnuwa? Sai ka zo."

Na ce mata gobe. Kalmar da aka yi ta ba ni ita na miƙa mata, don ba ni da wata. Daga wannan ba ta ƙara iya magana a waya ba, kuma har yau ban san mece ce maganar ba. Na tambayi yara, na tambayi ƙanwarta, ba wanda ta faɗa wa.

Da aka buɗe ofisoshi izini ya fito. Dabab ya yaye a makare, amma kafilina ya taso. Ya sauka Dammam, aka tsaya buga fasfo da duba jirgi, kafin a gama rana ta yi ƙasa. Ya kira ni ya ce ba zai iso Riyad da haske ba, zai kwana can. Na ce to bari in kamo hanya yanzu in karɓi mukullin, Dammam ba nisa gare ta ba a mota. Ya ce jirgin Kano sai gobe da yamma, ko na karɓa yau ba abin da zai ƙaru, ga yara suna da jarrabawa da safe. Wannan karon gaskiyarsa ce. Ranar ba ita ce matsala ba. Waɗanda aka cinye a baya su ne.

Da safe na sauke yara na wuce fili. Ina zaune a kan weji wayata ta yi ƙara. 'Yata ce.

"Baba." Ta tsaya. "Baba, sai haƙuri. Bayan asuba."

Na yi salati. Ta ce ana shiri, kafin azahar za a kai ta. Na ce kada a jira ni. Kamar da wanda ya ce zai jira. Na ce a ba ni kawunsu, na roƙe shi ya tsaya a madadina, ya ce ba komai, Allah ya sa haka ya fi alheri. A bayansa ina jin muryoyin mata da ƙarar bokiti.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Can sai na ji kukan injin daga gabas. Ɗan farin abu ya bayyana, ya zagayo, ya sauko a hankali, tayoyinsa suka taɓa ƙasa ba ko girgiza. Ya gangaro inda nake. Ni dai na ga hannuwana suna aiki. Na sa weji gaba da baya. Na jawo igiya na ɗaure fiffiken dama, na zaga na ɗaure na hagu. A daidai lokacin, in lissafina daidai ne, ana ɗaure wani abu a Funtuwa.

Ya fito fuskarsa kamar an kunna fitila, da kwalin alawa a hannu, tsarabata.

"Ka ga saukar nan, ya Hajji? Ka ga yadda ta zauna?" Ya laluba aljihu ya ciro zoben mukullai yana kaɗawa. "Yalla, mu je gida, yau kana hanya."

Na ce, "Ta rasu, ɗal umrak. Da safen nan."

Ya cire tabarau. Ya yi salati, ya kama kafaɗata, ya yi mini ta'aziyya da kalmomi masu kyau, idonsa har ya kawo ruwa. Ba na shakkar hawayen. Muna cikin mota, ina tuƙi, can ya ce, "Wallahi, ya Hajji, da na kutsa cikin dabab ɗin nan, da yanzu makoki biyu ake yi."

Na ce haka ne.

Kuma haka ne ɗin. Ban taɓa cewa ya shiga gajimare ba. Dokar nan ta ido doka ce mai kyau, masu hankali suka kafa ta, na ji labarin waɗanda suka raina ta aka tsinto su a sahara. Ni abin da na roƙa bai kai haka ba.

Da muka isa gida ya ce in biyo shi har ɗaki, karo na farko da na taka benen. Ya zura mukulli ya murɗa. Kafin mutum ya shanye kofin ruwa an gama. Fasfon na nan a ƙasan wani akwatin agogo, kore, lafiyarsa lau.

Na tafi gida duk da haka. Na tarar ana naɗe tabarmin zaman makoki. Aka raka ni maƙabarta, ɗana ya nuna mini tudun, ƙasar har ta fara bushewa. Masu gaisuwa suna ta cewa ai mun ɗauka tun ranar farko za mu gan ka. Wani dattijo ya matso ya ce, "Ko jirgin ne ya lalace?" Na ce e, ya lalace. Ban da ƙarfin bayanin lasisin ido a bakin kabari.

Na koma Riyad na ƙarasa kwantiragi, don ina da yara biyu a makaranta a gida. Na ci gaba da goge gilashin jirgi, ina kwancewa ina ɗaurewa. Kafilina ya ƙara kyautata mini, fasfon ma ya ce in riƙe abina. Abokina na Shumaisi ya ce in jefa masa shi a fuska. Ban jefa ba, na sa a ƙarƙashin katifa. Da wa'adi ya cika na yi sallama da kowa lafiya, yaran gidan har da kuka.

Yanzu ina gida, ina zaman bakin shagon ɗana ina damun masu wucewa da surutu. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, ko ina gefen gadon ba zan ƙara mata numfashi ɗaya ba. Malamai sun faɗa mini, na kuma yarda. Ba rayuwarta nake cewa an ƙwace mini ba. 'Yan kwanakin nan ne, da zan zauna kusa da ita ta zage ni son ranta.

Samari masu shirin tafiya sukan zo su tambaye ni yadda ƙasar take. Nakan ce ku je, akwai arziki, akwai mutanen kirki. Amma ranar da kuka sauka, kafin ku tambayi ina za ku kwana, ku tambayi ina fasfonku zai kwana, da wanda zai iya buɗe wurin in maigida ba ya nan.

Na yi shekaru ina ƙoƙarin ɗora laifin a kan sama, don ya fi sauƙin haɗiya, kuma ba ka jin kunyar mutumin da ka ci abincinsa. Wani lokaci har in yi nasara kwana biyu. Sai in tuna gajimaren nan bai san ina da mata a asibiti ba. Shi kafilina ya sani.